Ruwan Tukunyar Gas da Itacen Ayzirek

Asabar, 15 ga Oktoba

An gama haɗa tukunyar gas. Wani farin akwati ne manne da bangon kicin, shi zai riƙa dafa ruwa yana tura shi cikin bututun ɗakuna. Ɗana Ermek sai murna yake, ka ce shi ya ƙera ta. Wai daga yau na huta da kwasar gawayi. Wa ya gaya masa na gaji?

Mai haɗawar ya nuna min wani siririn tiyo a ƙasanta yana ɗiga. Na ce, tun ba a je ko'ina ba har ta fara yoyo? Ya yi dariya, ya kira ni Apa, wato uwa, ya ce, "Ba yoyo ba ne, gumi take yi. Tururin hayaƙin ne ke komawa ruwa. Amma fa tsami gare shi. Kada a sha, kada a ba kaji, kada a zuba a kan siminti." Babu magudana a wannan bangon, sai bokiti aka tara mata. Wato an raba ni da wani aiki an haɗa ni da wani.

Ayzirek, matar Ermek, tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi. Da ta ji an ce tsami sai na ga ta ɗago kai. Ba ta ce komai ba. Haka na koya mata.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Ermek ya koma wurin haƙar ma'adinai can kan duwatsu. Rabin wata can, rabin wata gida. Saura ni da matarsa, da wannan akwatin da ke gurnani a bango.

Shi ne auta, gidan nan a wuyansa yake. Wansa yana Moscow, in an ga dama a kira ni ran Sallah. Yayarsa tana Osh da nata surukan. Tun rasuwar babansu ni kaɗai nake shan shayi a ɗakin nan, sai bana da aka kawo amarya.

Ba laifi, yarinyar tana da hankali. Jininmu ce, amma a Surgut ta tashi, can Siberiya, inda iyayenta suka je neman abinci suka zauna. Yarenmu a bakinta sai a hankali. Har yau in na tuna ranar da aka sauke kayan ɗakinta sai in ji fuskata ta yi zafi. Barguna, katifu, akwati, duk babu abin kushewa. Sai ga bokiti uku an sauko da su daga bayan mota, kowanne da ɗan guntun itace a ciki. Wai golubika, wani ɗan itacen dajinsu mai ƙananan 'ya'ya shuɗɗa, uwarta ce ta haƙo mata. Burul maƙwabciyata ta leƙa bokitin ta ce, "Jiparkul, tsintsiya aka haɗo miki da ita? Ai da sun bari kun saya a nan." Matan unguwa suka kwashe da dariya.

A satinta na farko ta yi min musu a kan kwaɓin burodi, a gaban Burul kuwa. Na zaunar da ita na ce, a gidan nan matar ɗa ba ta mayar wa uwar miji magana, ko da uwar mijin ta ce madara baƙa ce. Haka aka yi min, ban mutu ba. Tun daga ranar sai "To, Apa." Da safe ta rusuna ta gaishe ni. Burul ma ta yaba.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Ashe ba a bayan gida take zubar da ruwan tukunyar ba. Yau na kama ta tana sirka shi da ruwan sama tana ba itacen nata. Ta dasa su jikin katanga, kusa da tafarnuwata, kuma tun watan jiya ganyensu ya yi rawaya fatau.

Na ce, mutumin nan bai ce ko kaji kada a ba ba? Ta sunkuyar da kai. Sai da na ce tambayarki nake, ki faɗa, sannan ta buɗe baki. Wai ƙasar dajinsu mai tsami ce, tamu kuwa irin farin nan ne da ke kama gindin buta, ruwan famfonmu ma haka. Itacen yana cikin ƙasa amma ba ya iya ci. Ta fito da wasu 'yan takardu sirara, ta tsoma ɗaya a bokiti ta yi ja, ta tsoma ɗaya a ruwan famfo ta yi kore. Ta ce ba za ta bari ya taɓa tafarnuwata ba.

Na ce ki yi abin da kika ga dama. Da ta shiga ciki na tsoma yatsa na ɗan lasa. Da tsami kam, kaɗan. Na tofar.

Ban taɓa jin itacen da ke zaɓen ƙasa ba. Tuffata ko a kan tsakuwa aka dasa ta sai ta yi.

Talata, 8 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta fari. Ɗakin da ɗumi, ba zan yi ƙarya ba.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Bokitina na ƙarfe ya huje. Wanda na yi shekaru ina tatsar nono da shi, tun muna da saniya. Shi ta tara a ƙarƙashin tiyon, ruwan ya cinye gindinsa, na tashi na tarar da kicin ya zama tafki.

Na yi faɗa. Na yi sosai, har na haɗa da abin da ba na bokiti ba, na taɓo uwarta da tsintsiyoyinta. Tana tsugune tana goge ƙasa, "To, Apa. Yi haƙuri, Apa." Wallahi da ta ce wani abu da na fi saurin hucewa. Faɗa da wanda ba ya amsawa gajiya ce kawai.

Ermek ya kawo na roba da yamma. Ya ce, "Apa, bokiti ne fa." Na ce kai ma bokiti ne.

Lahadi, 4 ga Disamba

Tana da ciki! Ba ita ta faɗa ba, ni na gane, tun da ta fara kauda kai in ana soya albasa. Na tsare Ermek ya amsa yana sosa ƙeya.

Alhamdu lillahi. Na hana ta ɗaukar bokiti. Yanzu ni ke kai mata ruwan tsamin har bakin katanga, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Ta ce a daina zubawa tunda ƙasa ta daskare, a tara sai an fita sanyi.

Litinin, 12 ga Disamba

Anarkan, uwarta, ta kira ni. An yi gaisuwa, an tambayi gwiwa, an tambayi sanyi, sannan ta fito da abin da ya kawo ta. Wai haihuwar fari ce, a turo mata 'yarta ta haihu a gabanta, asibitinsu ya fi. Na ce mu ma nan ba a daji muke haihuwa ba. Muka rabu da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na san yadda abin yake tafiya, na gani a gida uku a layin nan. A tafi haihuwa, a ce sai an yi arba'in, a ce jariri bai yi ƙwarin hawa jirgi ba, a ce sanyi ya shigo. Sai mijin ya bi su, wai zai duba su, ya samu aiki a can. Shi ke nan. Ermek kuwa yadda yake kallon yarinyar nan, ko takalminsa ba zai tsaya ɗaurewa ba.

In ta tafi ya tafi. In ya tafi saura ni da kaji. Tsoro nake ji, a nan dai zan iya faɗa.

Juma'a, 13 ga Janairu

Sanyin da ban ga irinsa ba tun ina yarinya. Tukunyar ba ta hutawa, bokiti kuwa kafin a juya ya cika. Ayzirek ta bi unguwa ta tattaro goran roba, irin waɗanda ake sayar da nonon goɗiya a ciki, tana ɗurawa tana jerawa a soro. Burul ta shigo ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ikon Allah! Nonon goɗiya kuka fara sayarwa ba ku gaya min ba?"

Ta ɗauki gora ɗaya wai za ta yi alwala. Yarinyar ta taho da gudu ta karɓe daga hannunta, ta miƙa mata buta, ba ta ce uffan ba. Burul ta ce, "Wannan kin gyara ta da yawa, Jiparkul. Ko kyanwa tana cewa miyau."

Na ji daɗi a lokacin.

Talata, 21 ga Fabrairu

Ban yi niyyar saurare ba. Ina kaɗin ulu a ɗaki, ita tana kicin da waya, da uwarta. Da Rashanci suke magana, ina ji sarai, mantawa take yi. Muryarta ma daban, da sauri, da ƙarfi, har da dariya. Ban san tana da irin wannan muryar ba.

Sai na ji ta yi ƙasa da ita. "Mama, ki bari ƙanƙara ta narke tukuna. Na tara musu ruwa duk sanyin nan. In sun yi ganye, to, ni ma zan iya. In sun ƙi, na san wurin nan ba ya karɓar irinmu."

Wace irin magana ce wannan? Mutum ya ɗora zamansa a kan tsintsiya uku. Raina ya ɓaci, na kasa cin abincin rana. Da la'asar na zaga na duba su. 'Yan sanduna ne a cikin ƙanƙara, ko tsawon gwiwata ba su kai ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Ƙasa ta buɗe. Ta fara ba su ruwan goranta.

Ni dai na yi tunani. Ruwa kaɗai ba ya riƙe itace, ko wane iri ne. Abinci suke so. Kuma ba abin da ƙasa ke so irin tokar tanderu. Ita nake ba tuffata kowace shekara, ita nake ba tafarnuwa, haka uwata ta yi, haka kakata. Yarinyar birni ba za ta san wannan ba, takardu masu canja launi kawai ta sani.

Jiya na gasa burodi. Yau da sassafe, kafin ta tashi, na ɗebi toka mai kyau, ta itacen tuffa zalla, na zagaye gindin kowanne. Ba zan gaya mata ba. In sun yi ganye ta ɗauka ruwanta ne, ba ruwana. Ni dai su yi.

Talata, 14 ga Maris

Tokar ta ɓace, fes. Kajin nan ne, ko iska. Na sake zubawa.

Talata, 21 ga Maris

Bikin Nooruz, na shigowar sabuwar shekararmu. Matan layi mun wuni muna juya tukunyar alkama a gidan Burul, hannuna har yanzu ciwo yake. Ayzirek ta juya nata rabon, aka ce ta roƙi Allah abin da take so, yadda al'ada take. Ta rufe ido ta daɗe.

Burul ta ja ni gefe. "Me kike sa yarinyar nan yi ne? Dubi gwiwar siket ɗinta, duk laka. Da wannan cikin?" Na ce ko tsinke ban bari ta ɗaga ba. Ta ce, "Oho dai."

Jibi azumi.

Alhamis, 30 ga Maris

Kullum na zuba, kullum babu. Na rufe kaji, duk da haka. Yau na yi dabara: na tona ƙasar da ɗan cokali mai yatsu na cusa tokar ciki, na yayyafa ruwa na danne da ƙafa. To, iska ta zo ta ɗauka in gani.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Sun fito da ganye, amma wane iri. Ƙanana, rawaya, bakinsu a ƙone. Biyu ma sun fara bushewa daga sama. Tuffa kuwa ta yi fure har ta rufe taga.

Ta tsaya a kansu ta daɗe, hannunta a kan ciki. Na ce mata daga baranda, a yi haƙuri, yanzu suka fara. "To, Apa."

Zan ƙara musu. Wataƙila bai isa ba ne.

Laraba, 12 ga Afrilu

Ban san ta ina zan fara ba.

Bayan sallar asuba na kai tokar kamar kullum, na dawo na kwanta. Sai na tuna na bar kwanon a can, kada ta gani. Gari ya fara haske. Ina zagawa bayan ɗaki na gan ta.

Tana durƙushe a cikin laka, cikin nan ya hana ta sunkuyawa sosai, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ɗayan hannun da cokalin shayi. Tana kankare tokar kaɗan-kaɗan tana zubawa a roba. Inda na cusa ta ciki kuwa da yatsu take tonowa, a hankali, don kada ta tsinka saiwa. Tana yi tana nishi.

Na ce, me kike yi? Ta zabura, ta nemi tashi ta kasa, sai da na kama ta. Hannunta sanyi ƙarara.

Na ce magana nake miki. Ta sunkuyar da kai.

Na ce ke kike kwashewa duk kwanakin nan? Ta gyaɗa kai. Ta nuna min bayan akurkin kaji. Na je na duba, ga tokata nan tuli guda.

Na ce don me? Sai ta ce, "Apa, kin ce kada in mayar miki da magana."

Na ce yau na ce ki mayar.

Ta shiga soro ta ɗauko gora da kofi da 'yar takardarta. Ta tsiyaya, ta tsoma, ta yi ja. Ta ɗebi tokar da yatsu biyu, ɗan mitsitsi, ta barbaɗa a kofin ta motsa. Ta tsoma wata. Ta fito shuɗiya.

Ta ce, "Toka tana kashe tsami, Apa. Tuffa tana so, tafarnuwa tana so. Wannan kuwa guba ce a wurinsa. Abin da na tara tun sanyi, hannu ɗaya na toka ya isa ya shafe shi. Ta saman ina kwashewa. Wadda kika cusa ciki kika zuba wa ruwa ce ta fi ƙarfina."

Na ce kin san ni ce? Ta ce tun ranar farko, ga sawun takalmina.

Na ce bakinki ciwo yake da ba za ki gaya wa mijinki ba? Ta ce, "Sai ya yi miki magana, ki ji kunya a gaban ɗanki. Kuma na san taimakona kike yi." Ta dubi itacen. "Ba wanda ya taɓa kula su sai ke."

Kunya ta kama ni tun daga kai har ƙafa. Haushi kuma ya biyo baya, na rasa wanda zan ɗora wa. Na ce wace irin wauta ce wannan, wata guda kina rarrafe a laka da cikin mutum, kalma ɗaya ta gagare ki? Ta dube ni kawai. Ba sai ta faɗa ba, na san wa ya rufe mata bakin.

Na kai ta ciki na zuba mata ruwan ɗumi ta wanke hannu. Farcenta duk sun tsage. Na dafa mata shayi da madara, tunda da cikin nan ba ta azumi. Ta so ta karɓi butar, na ce zauna.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Ban gasa burodi ba. Na aika an sayo a kanti.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Biyu sun mutu, mun tuge su. Na ukun da ɗan sauran rai.

Ermek ya sauko daga dutse da buhu biyu na ruɓaɓɓen ganyen fir, itacen nan mai ganye kamar allura, ita ta sa shi ya kwaso daga dajin can sama. Muka kwashe ƙasar gindin muka sa sabuwa. Ni ke tonawa, ita tana kan kujera tana nuna min. Amma har yanzu, "Apa, ko za ki ɗan matsa hagu, in ba damuwa?" Na ce ki ce matsa hagu kawai! Ta ce, "To, Apa."

Ermek ya tambayi me ya kashe biyun. Ta riga ni, ta ce sanyi ne. Na ce ba sanyi ba ne, uwarka ce da tokarta. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce shi bari ya je ya duba kaji.

Lahadi, 23 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na Moscow ya kira, ya yi ƙiba.

Jiya ni da kaina na kira Anarkan. Na ce ki gyara mata ɗaki, tana tafe. Ta ɗauka gatse nake. Na ce da gaske.

Na juya abin ta kowane gefe. Yarinyar da za ta durƙusa da cikin wata bakwai tana kwasar toka da cokali don ba ta iya ce min a'a, in ciwo ya kama ta Ermek yana kan dutse, ba za ta buga min ƙofa ba. Za ta ciji bargo ta ce kada ta dami Apa. Can wurin uwarta za ta yi ihu yadda take so.

Da na gaya mata ta ce, "Korata kike, Apa?" Na ce in korarki zan yi sai in haɗa ki da goranki.

Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba. Burul ta ce na haukace. "Ke da bakinki kika ce wanda ya tafi ba ya dawowa." Na ce na sani, ba sai kin tuna min ba.

Asabar, 29 ga Afrilu

Ta tafi. Kafin mota ta zo ta kai ni gindin itacen ta nuna min: kofi ɗaya na gora, sauran bokitin ruwan sama. Ban da famfo. Ban da taki. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu ta fasa. Na ce ban da toka, na ji.

Ta rusuna ta gaishe ni. Na sumbaci goshinta, na juya na shiga ciki da sauri, wai na bar wuta a kunne.

Ermek ya dawo daga filin jirgi bai ci abinci ba. Yana ta duba waya.

Laraba, 10 ga Mayu

Gidan ya yi girma. Na dafa shayi na zuba kofi biyu.

Asabar, 20 ga Mayu

Sabbin ganye a saman itacen, kuma kore ne. Kore sosai. Na kira Burul ta gani, ta ce ita dai har yanzu tsintsiya take gani. Ba ta da ido.

Na so in aika mata hoto, ban iya ba. Sai Ermek ya sauko.

Da yamma kuwa sai ga shi. Muna cin abinci ya ce wani abokinsa ya ce ana neman masu tuƙa manyan motoci a Surgut. Ya faɗa yana kallon faranti. Na ce miƙo min gishiri.

Alhamis, 15 ga Yuni

Zafi. An kashe ɗumin ɗakuna tuni, tukunyar ba ta gumi sai in an buɗe ruwan zafi, shi ma ɗis-ɗis. Goran soro sun yi ƙasa. Na fito da duk dardumomin gidan na wanke da ruwan zafi, har da waɗanda ba su yi datti ba. Burul ta leƙo ta katanga, wai baƙi zan yi? Na ce tsafta ce, ki gwada wata rana.

Ruwan sama ma ya ɗauke. Ganin zafin nan na ƙara masa na goran, kofi uku, wani lokaci ban sirka ba. Mai kyau ai ba ya yawa.

Talata, 4 ga Yuli

Ta haihu. Mace. Lafiya lau su duka. Anarkan ta ce ihun da Ayzirek ta yi har ƙasan bene an ji.

Na zauna a baranda na yi kuka. Sannan na raba alewa a layi.

Lahadi, 16 ga Yuli

Burul ta zo shan shayi, ita ta danna min wayar har aka ga juna. Na ga jaririyar. Goshin marigayi mijina ne sak, kowa ya ce ba haka ba ƙarya yake. Anarkan tana ta cewa sai an yi arba'in tukuna, sannan a ga yadda hali ya yi. Na dai tuna gida ukun nan na layinmu.

Sai Ayzirek ta karɓi wayar ta ce in kai ta wurin itacen. Na tafi da ita a hannu, Burul na biye da ni da kofinta.

"Matso da ita. A'a, Apa, ba fuskarki ba, ganyen! Ƙasa. Ƙasa na ce. Tsaya nan." Na tsaya. "Me ya ƙona bakin ganyen nan? Kofi nawa kike zubawa?"

Na ce uku, saboda zafi.

"Uku! Na ce ɗaya! Kina sirkawa kuwa?"

Na ce wani lokaci.

"Wani lokaci! Haba Apa! Da can toka, yanzu kuma tsami, ke ba kya iya yin abu daidai yadda aka ce? Shi kaɗai ya rage min, so kike ki ƙarasa shi? Daga yau kada ki ƙara masa ko ɗigo sai na ce. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

"Kuma wannan gefen katangar, bana kada ki sa tafarnuwa. Kawu ya haƙo min wasu guda huɗu, suna nan a baranda. Ki sa Ermek ya tona ramuka ya kawo ganyen fir, in mun zo ba na son in tarar ba a yi ba. Ki ce masa ya sayo ganga babba ta roba kafin sanyi, na gaji da goruna."

Jaririyar ta sa kuka, ta kashe wayar ko sallama babu.

Burul ta tsaya baki buɗe, shayinta har ya zube. "Jiparkul! Matar ɗanki ce wannan? Ke take yi wa tsawa haka, kina cewa na ji?"

Na ce kunnena ne ya yi nauyi kwanan nan, dole sai ta ɗaga murya.

Kunnena lafiyarsa ƙalau. Tafarnuwar zan mayar da ita bayan akurki, can ma rana tana samu.